Manhajar haya: shago naka, mabuɗi a aljihun wani

Masu karatu, labarin da za mu soma da shi ya faru ne nesa da mu, can ƙasar Benezuwela ta Kudancin Amurka, amma duk ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke da ordinatar a shagonsa ko a bironsa zai iya ganin fuskarsa a cikinsa.

A farkon watan Oktoba na shekarar 2019, masu zane, masu ɗaukar hoto, ƴan jarida da masu gidajen buga takardu na wannan ƙasa suka wayi gari da wani saƙo daga kamfanin Adobe, wanda ke da mazauni a birnin San Jose na jihar Kalifoniya. Shi ne mai Photoshop, Illustrator da Acrobat, kayan aikin da da wuya a samu maɗaba'ar zamani wadda ba ta dogara da su ba. Saƙon ya shaida musu cewa ranar 28 ga watan za a rufe asusunsu baki ɗaya, saboda haka kowa ya gaggauta kwashe abin da ya ajiye. Mutanen nan ba su ƙi biya ba, ba su kuma saɓa wa ko sharaɗi guda ba. Abin da ya faru shi ne, a watan Agusta na shekarar shugaba Donald Trump ya sa hannu kan wani umurni mai lamba 13884 da ya ƙaƙaba wa gwamnatin Nicolas Maduro takunkumi, shi kuwa kamfanin ya fassara umurnin da faɗi, ya haɗa ma'aikacin gwamnati da mai ɗan shagon buga katin ɗaurin aure ya yi musu kuɗin goro. Da farko ma cewa aka yi ba wanda za a mayar wa kuɗinsa, sai da ƙorafi ya yi yawa aka sauya magana. Daga bisani, a daidai ranar da wa'adi zai cika, Adobe ya ba da sanarwar cewa ya samu izini daga gwamnatin Amurka, aiki zai ci gaba.

An dai tsallake rijiya da baya. Sai dai makonnin nan uku na zullumi sun tona wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Da shekaru goma kafin nan aka kafa wannan takunkumi, da mai maɗaba'a a birnin Karakas bai ko ɗaga kai ba, domin manhajarsa tana kan faifai cikin akwati, ya biya sau ɗaya, kuma babu umurnin wani shugaban ƙasa da zai shigo shago ya ciro ta daga cikin na'urarsa. Mu ma nan mun ɗanɗana irin wannan, ko da yake ta wata fuska: a watan Agusta na 2023 aka katse mana wutar lantarkin da ke zuwa daga Nijeriya, ba don wani mai gida a Maraɗi ya ƙi biyan faktir ɗinsa ba.

Tsakanin ciniki da haya

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da raba abubuwa biyu. A ciniki, zatin abu ne ke komawa hannun mai saye, ya ga dama ya riƙe, ya ga dama ya sayar ko ya bar wa magada. A ijara kuwa, wato haya, amfanin abu kaɗai ake mallaka, zuwa wani wa'adi, abin kansa yana nan na mai shi. Duk rigingimun shari'ar da za mu ambata daga wannan rabuwa suka samo tushe, domin cikin shekaru ashirin da ƴan kai da suka shige kamfanonin manhaja sun tashi daga layin ciniki sun koma layin haya. A takardun ƙwararru ana kiran tsarin SaaS. Ma'anarsa ita ce manhajar, ko aƙalla mabuɗinta, tana zaune kan na'urorin kamfani a wata ƙasa, kai kuwa kana shiga ta intanet kana biya wata-wata ko shekara-shekara, kamar yadda ake biyan kuɗin kallon tashoshin talabijin na tauraron ɗan'adam. Kamfanin Salesforce, wanda aka kafa a 1999, yana cikin waɗanda suka share hanyar.

Gaskiya ne ko a da ma mai saye bai mallaki ita manhajar kanta ba. Haƙƙin mallakarta na wanda ya rubuta ta ne, kuma a ƙasashen ƙungiyar OAPI, ciki har da Nijar, yarjejeniyar Bangi ta sa manhajar ordinatar a sahun ayyukan rubutu da doka ke karewa, kamar littafi. Amma kamar yadda wanda ya sayi littafi yake da ikon sayar da kwafinsa a bakin kasuwa, haka aka yi ta gardama kan ko wanda ya sayi lasisin manhaja yana da ikon sayar da shi. Wani kamfani mai suna UsedSoft ya mayar da wannan sana'arsa a Jamus, yana sayen lasisin da ma'aikatu suka daina amfani da shi yana sayarwa da rahusa, tamkar dillalin motocin hannu. Kamfanin Oracle ya kai shi ƙara, magana ta kai har babbar kotun Tarayyar Turai da ke Luksambur. Ranar 3 ga Yuli 2012 kotun ta yanke cewa duk wanda ya karɓi kuɗi ya ba da izinin amfani da kwafin manhaja ba tare da wa'adi ba, to ya sayar ke nan, ko da ya rubuta wa takardar wani suna daban, kuma ba shi da ikon hana a sake sayarwa, muddin mai sayarwar ya goge nasa kwafin. A Amurka kuwa, shekaru biyu kafin nan, wata kotun ɗaukaka ƙara ta ba kamfanin Autodesk gaskiya a kan irin wannan batu.

Hukuncin Luksambur nasara ce ga masu saye, sai dai nasara ce da ta zo a makare. Kotun ta rataya shi ne a kan kalma guda, wato rashin wa'adi. Da zarar an sa wa'adi, an ce wata ɗaya ko shekara ɗaya, babu sauran ciniki balle a yi zancen sake sayarwa. A watan Mayu na 2013 Adobe ya bayyana cewa jerin manhajojinsa mai suna CS6 shi ne na ƙarshe da za a saya a mallaka, duk sabon abin da zai fito sai ta hanyar biyan wata. Ba za mu ce hukuncin kotun ne ya jawo haka ba. Akwai satar manhaja da ta addabi kamfanonin, akwai kuma daɗin kuɗin da ke shigowa kowane wata ba sai an jira fitowar sabon samfuri ba. A yi adalci kuma, tsarin ya sauƙaƙa wa ƙaramin mai sana'a, wanda ba shi da halin zube dunƙulen kuɗi rana ɗaya. Amma ko da gangan ko ba da gangan ba, haya ta rufe ƙofar da kotu ta buɗe.

Mai gidan haya yana da ikon sauya fasalin gida kana ciki, kuma an ga hakan. A watan Mayu na 2019 Adobe ya aika wa wasu masu biya da gargaɗi cewa su daina amfani da wasu tsofaffin samfuran manhajojinsa, domin ba su da sauran lasisi a kansu, kuma wani na iya kai su ƙara. A ƙarshen 2022 masu maɗaba'a suka ga wani abin mamakin: bayan da tsarin da ke tsakanin Adobe da kamfanin Pantone mai kundin launuka ya sauya, sai wanda ya buɗe tsohon aikinsa ya tarar wasu launuka sun koma baƙi, sai in ya yanki wata hayar daban wajen Pantone. Aikin nasa ne, shi ya zana, amma launin da ke ciki ya zama na haya bai sani ba.

Shiga da sauƙi, fita da wuya

Matsala ta biyu ita ce ta ƙofar fita. A watan Yuni na 2024 gwamnatin Amurka, bisa buƙatar hukumar FTC mai kare masu saye, ta gurfanar da Adobe da wasu manyan jami'ansa biyu gaban wata kotun tarayya a Kalifoniya. Zargin shi ne kamfanin yana tura mutane zuwa wani tsari wanda a ido biyan wata-wata ne, alhali a takarda alkawarin shekara guda ne cur. Wanda ya nemi fita kafin shekara ta cika, bayan kwanaki 14 na farko, sai a caje shi rabin kuɗin watannin da suka rage, kuma an ɓoye wannan sharaɗi cikin ƙananan rubutu. An kuma zarge shi da wahalar da mai son fita, daga wannan shafi zuwa wancan, daga wannan ma'aikaci zuwa wancan. Adobe ya musanta zargin a lokacin, ya ce sharuɗɗansa a bayyane suke. An kafa ƙarar ne kan wata dokar 2010 wadda ta wajabta wa mai sayarwa ta intanet ya bayyana manyan sharuɗɗa ƙarara kafin ya karɓi lambar katin banki, ya kuma tanadi hanya mai sauƙi ta dakatar da biya.

Faransa ta bi tata hanyar. Tun 2005 dokar da ake kira ta Chatel ta tilasta wa kamfani ya tunatar da mai saye kafin kwantiragi ya sabunta kansa, sa'annan daga 1 ga Yuni 2023 duk kamfanin da ke ba da damar shiga kwantiragi ta intanet wajibi ne ya ba da damar fita ta intanet, da ƴan latse-latse kaɗan. To amma a nan akwai abin da ya kamata Alhazan kasuwa su lura da shi. Galibin irin waɗannan dokoki an yi su ne domin mai saye na gida, wanda doka ke ɗauka a matsayin mai rauni. Wanda ya yanki haya da sunan kamfaninsa ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya san abin da yake yi, ya karanta, ya yarda. Latsa ɗan akwatin nan na amincewa, wanda kusan dukanmu muke yi ba tare da karanta ko layi ɗaya ba, kotuna a ƙasashe da yawa sun karɓe shi a matsayin sa hannu. Ga kuma farashin da dala ko yuro, da sharaɗin cewa kamfani na iya ƙara shi lokacin sabuntawa. Waɗanda suka ga karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994 ba sa bukatar a yi musu bayanin abin da bashin kuɗin waje ke iya zama cikin dare ɗaya.

Littattafan lissafi a gidan wani

A ganinmu a nan ne babban haɗarin yake, kuma shi ne wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. In manhajar zane ta tsaya, an yi asarar kayan aiki. In manhajar lissafi, ta albashi ko ta ƙididdigar kaya ce ta tsaya, abin da ke cikinta ya fi ta daraja nesa ba kusa ba: sunayen masu bashi da abin da ake bin kowa, kayan da suka shigo ta duwan, faktir na shekaru, albashin ma'aikata. Wannan dukiyar taka ce, amma tana ajiye a gidan mai haya.

Dokar lissafi ta OHADA, wadda ke aiki a ƙasarmu kamar sauran ƙasashen ƙungiyar, ta wajabta wa ɗan kasuwa ya adana littattafan lissafinsa da takardun shaidarsu har shekaru 10. A ɗaya ɓangaren kuwa, sharuɗɗan Microsoft na hayar da yake ba kamfanoni sun tanadi cewa in haya ta ƙare za a riƙe bayananka kwanaki 90 domin ka kwashe, bayan nan a goge. Microsoft ma ya kyauta da ya rubuta wa'adin a fili. A kwatanta shekaru 10 da kwanaki 90. Mai binciken haraji da ya zo shagonka bayan shekaru uku ba zai karɓi uzurin cewa katin banki ya ƙi biya ba, ko cewa yaron da ke kula da asusun ya bar aiki ya tafi da lambar sirri. Wajibin adanawa yana wuyanka, kuma bai koma wuyan kamfanin manhaja ba don ka biya shi.

Ko an ba ka bayanan ma, da wace siga za a ba ka? Akwai bambanci tsakanin a miƙo maka lissafinka cikin tsarin da wata manhaja za ta iya karantawa, da a zubo maka dubban shafuka waɗanda sai an sake shigar da su da hannu ɗaya bayan ɗaya. Lauyoyin Faransa sun daɗe suna nacewa kan wani sharaɗi da ake sawa a kwantiragi domin wannan, wanda ke fayyace siga, wa'adi da kuɗin mayar wa mutum bayanansa ranar rabuwa. Kwantiragin da babu wannan sharaɗi a cikinsa, aure ne da ba a yi zancen kayan ɗaki ba.

Ma'aikatan gwamnati, da masu asibitoci da makarantu masu zaman kansu, suna da ƙarin nauyi, domin bayanan da ke hannunsu na wasu mutane ne. Nijar ta kafa dokar kare bayanan sirrin jama'a a 2017, aka sake ta a watan Disamba na 2022, kuma akwai hukumar HAPDP da ke sa ido a kai. Ƙa'idar iri ɗaya ce da ta dokar Turai da ake kira RGPD, wadda ta soma aiki ranar 25 ga Mayu 2018: wanda ya tattara bayanan shi ne ke da alhaki na farko, kamfanin manhaja ɗan aike ne kawai, fitar da bayanan zuwa wata ƙasa kuma yana da sharuɗɗa. Shugaban sarushin da ya zuba sunayen ma'aikata da albashinsu cikin wata manhajar intanet don ta fi sauƙi, ya fitar da su daga ƙasa ke nan, ko ya sani ko bai sani ba. Kuma sanin ƙasar da na'urorin suke bai wadatar ba. A 2013 masu bincike na Amurka suka nemi Microsoft ya miƙa wasu wasiƙu da ke ajiye a Dablin ta ƙasar Ailan, kamfanin ya ƙi, shari'a ta kai har Kotun Ƙoli. Kafin a yanke hukunci majalisar Amurka ta kafa dokar CLOUD Act a watan Maris na 2018, wadda ta ce kamfanin Amurka zai miƙa bayanan da ke ƙarƙashin ikonsa in an zo da sammacin da ya dace, ko a ina suke ajiye a duniya.

In ta ɓaci, wa zai biya?

Daren 9 wayewar 10 ga Maris 2021 gobara ta tashi a rumbunan ajiyar bayanai na kamfanin OVH da ke birnin Sitirasbur na Faransa. Gini ɗaya ya ƙone ƙurmus, wani ya taɓu, miliyoyin shafukan intanet suka ɗauke. Wasu daga cikin masu hulɗa da kamfanin hankalinsu kwance, domin sun biya kuɗi na musamman a riƙa yi musu kwafin ko-ta-kwana. Ashe kwafin yana cikin gini guda da na asalin, wuta ta cinye duka biyun. A 2023 kotun kasuwanci ta Lil ta ba wasu kamfanoni biyu gaskiya a matakin farko, ta ƙi karɓar hujjar cewa gobara ƙaddara ce da ta fi ƙarfin kowa, OVH kuwa ya ɗaukaka ƙara. Abin da aka fi fafatawa a kai shi ne wani sharaɗi wanda kusan babu kwantiragin manhajar haya da ba ya ɗauke da shi, wato iyakance diyya.

Ga misalinsa. A rubutun 2024 na sharuɗɗan Adobe na gama-gari, iyakar abin da kamfanin ya yarda ya biya in ya jawo maka asara shi ne dala 100, ko kuɗin da ka biya shi cikin watanni uku na ƙarshe, duk wanda ya fi yawa. Mai maɗaba'ar da ya rasa kwangilar buga littattafan makaranta saboda manhaja ta ƙi buɗewa mako guda, sai ya auna asararsa da wannan. Manya ma ba su tsira ba. Ranar 19 ga Yuli 2024 wani gyara mai kuskure da kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura ta intanet ya durƙusar da na'urori kusan miliyan 8.5 masu aiki da Windows. Kamfanin jiragen sama na Delta ya soke dubban tafiye-tafiye, ya ce ya yi asarar kusan dala miliyan 500, ya kuma shigar da ƙara a watan Oktoba na shekarar. Amsar lauyoyin CrowdStrike tun farko ita ce kwantiragi ya iyakance diyya ƙasa da dala miliyan 10.

Kotunan Faransa sun yi shekaru suna kokawa da irin wannan sharaɗi. A shari'ar Chronopost ta 1996 babbar kotu ta soke shi, domin kamfanin da ya yi alkawarin kai saƙo da sauri ba zai wanke hannunsa daga jinkiri ba. A shari'ar Faurecia da Oracle ta 2010 kuwa ta bar shi ya tsaya, domin an yi ciniki a kansa kuma bai mayar da alkawarin fanko ba. Gyaran dokar kwantiragi na 2016 ya shigar da wannan ƙa'ida cikin kundin dokokin Faransa. Sai dai gyaran Faransa ba ya aiki a Nijar. Kundin da muka gada yana nan da tsohuwar ƙa'idarsa ta sashe na 1134, cewa yarjejeniyar da aka ƙulla bisa doka ita ce dokar waɗanda suka ƙulla ta. Kafin ma a kai ga wannan, akwai tambayar wace kotu. Wanda ke zaune Damagaram ko Tawa ya yanki hayar Adobe, a takarda da reshen kamfanin na Ailan ya ƙulla, dokar Ailan ce kuma ke hukunci. Kotun kasuwanci ta Yamai tana nan, amma kuɗin lauya a Dablin na yini guda zai iya fin hayar shekara, kuma kamfanonin sun san da haka.

Masu sayarwa na gida

Ba mu kawo wannan duka don mu ce a guji manhajar haya ba, kuma ba Turawa kaɗai ke sayar da ita ba. Matasanmu da suka karanta ilmin ordinatar sun soma rubuta manhajojin kula da farmasi, shaguna da makarantu, suna ba da su haya da ƴan jikkuna a wata, kuma abin a yaba ne. Su ne ma suka fi kowa shiga tsaka mai wuya, domin su masu haya ne a sama, masu ba da haya a ƙasa. Yaron da ya yi wa mai farmasi alkawari da baki cewa ba abin da zai ɓace, alhali rumbun da ya kama a Turai ya rubuta masa cewa diyya ba za ta wuce kuɗin ƴan watanni ba, ya ɗauki kayan da suka fi ƙarfin wuyansa. Shi kuwa ba a Dablin yake ba, an san gidansu, an san mahaifinsa. Dokar OHADA ta ciniki tsakanin ƴan kasuwa an tsara ta ne domin haja, ba ta yi tanadin irin wannan hidima ba, saboda haka abin da aka rubuta a takarda shi ne kusan komai: awa nawa manhaja za ta iya tsayawa a wata, ina ake ajiye kwafi na biyu, kwana nawa ake jira kafin a rufe wa wanda ya makara da biya, me zai faru da bayanan jama'a in mai manhajar ya samu aiki a waje ko ya rasu. A ƙasashen da sana'ar ta daɗe akan ajiye asalin rubutun manhajar wajen wani amintacce, a buɗe shi ga masu haya in kamfani ya karye.

Akwai kuma tarkon kayan kyauta. Yawancin masu rubuta manhaja suna ɗora gininsu kan manhajojin da aka sake wa jama'a, amma kowace da sharaɗinta. Lasisin AGPL, wanda ya fito a 2007, an yi shi ne musamman domin masu ba da haya ta intanet: in ka gyara manhaja mai wannan lasisi kana yi wa mutane aiki da ita ta intanet, wajibi ne ka ba su damar samun asalin rubutun abin da ka gyara. Haraji ma yana biye da mai saye duk inda yake. Tarayyar Turai tun 2015 take karɓar TVA na irin wannan hidima a ƙasar mai saye na gida, Nijeriya kuma daga 2022 ta ɗora wa kamfanonin waje masu sayarwa ta intanet nauyin karɓar mata kashi 7.5 cikin 100. Wanda ke Maraɗi yana hangen kasuwar Katsina da Kano, sai ya sa wannan cikin lissafi tun kafin cinikin ya girma.

Turawa dai sun soma toshe ɓarakar ƙofar fita. Dokarsu ta bayanai da aka zartar a ƙarshen 2023, wadda ta soma aiki ranar 12 ga Satumba 2025, ta ba mai haya, har da kamfani, ikon sauya sheƙa zuwa wani mai hidima da sanarwar da ba ta wuce watanni biyu ba, ta ɗora wa tsohon mai hidimar taimaka masa ya kwashe bayanansa, ta kuma tanadi soke kuɗin ƙaura baki ɗaya daga 12 ga Janairu 2027. Wannan kariya ta masu haya ne da ke cikin Tarayyar Turai. Ɗan kasuwar da ke nan, ko da manhaja guda yake amfani da ita da takwaransa na Marsai, abin da ke kare shi shi ne takardar da ya latsa wa amincewa, da kuma kwafin lissafinsa in har ya saba saukewa kowane ƙarshen wata ya kulle a akwatin shago.